Hauka da Dukan Mata a Wasannin Kaboyi, da Yadda Mai Kallo na Ƙasar Kabi Zai Auna Su

Kalmar kaboyi ta shigo Hausa ne ta ƙofar sinima, tun bayan da aka buɗe gidan Rex a Kano cikin 1937, sa'an nan talbijin ya ƙara mata gindin zama sa'ad da tashar Kaduna ta fara aiki cikin 1962. Kwarin Rima bai sami rabonsa da wuri ba, gama talbijin bai sauka Sakkwato ba sai cikin shekarun 1970. Amma duk da haka mutumin Birnin Kebbi ko Argungu ba ya bukatar tafinta kafin ya gane irin wannan wasa. Ga doki, ga garken shanu, ga husuma tsakanin makiyayi da manomi a kan burtali da mashaya, abin da fadamar Rima ta sani tun kaka da kakanni. Inda ya ke bukatar lura shi ne cikin gida, watau yadda wasannin nan su ke nuna mai taɓin hankali da mijin da ke dukan matarsa.

Manyan wasannin guda biyu ne. Gunsmoke ya gudana a Amurka daga 1955 zuwa 1975, kashi 635, a kan wani jami'in doka, Matt Dillon, mai tsaron garin Dodge. Bonanza kuwa daga 1959 zuwa 1973, a kan dattijo Ben Cartwright da 'ya'yansa maza uku a gandunsu na Ponderosa. Abin lura, kowane ɗa uwarsa daban, dukansu kuma sun rasu tun kafin labari ya fara. Dillon shi ma ba shi da aure. Ashe ke nan gidajen jaruman ba matar aure a cikinsu, balle a ga yadda mutumin kirki ya ke zama da iyalinsa ran da rai ya ɓaci. Dukan mata, in ya zo, daga gidan wani ya ke zuwa.

Wannan wani kuwa, galibi, an riga an sa masa alama. Ko dai mashayi ne, ko mazaunin wata bukka can nesa da gari, ko kuwa wanda hankalinsa ya taɓu. Haka kuma mahaukacin wasan kaboyi ba safai ya kan zama majinyaci abin tausayi ba, abin tsoro ne mai bindiga. Kashin ƙarshe na Bonanza, wanda aka nuna cikin Janairu 1973, misali ne sarai: wani tsohon soja da kansa ya juye ya bi ƙaramin ɗan Cartwright cikin daji yana farautarsa kamar barewa. Da aka haɗa ciwon da muguntar wuri guda, sai mai kallo ya tashi da zato biyu, dukansu kuskure. Na fari, mai taɓin hankali mugu ne. Na biyu, mai lafiyayyen hankali ba ya dukan mata. Akwai inda aka kauce wa wannan turba, ba a musu. A wani kashi na Bonanza na ƙarshen 1972, mijin da ke ƙuntata wa matarsa malamin makaranta ne. Malaman kwalejojin horon malamai za su fi kowa jin zafin wannan zaɓi, amma shi ya fi kusa da gaskiya.

Sauran magana ita ce yadda a ke raba gardama. Cikin 1952 masu gidajen talbijin na Amurka suka shimfiɗa wa kansu ƙa'idodi, a ciki har da cewa kada a nuna rabuwar aure a matsayin maganin matsalar ma'aurata. To, marubucin da ya sa mace hannun azzalumin miji, aka kuwa toshe masa ƙofar saki, ina zai bi da ita? Hanya mafi sauƙi ita ce mijin ya mutu. Sai ya zaro bindiga, jarumi ya riga shi, mace ta zama mai takaba, baƙo ya hau dokinsa ya tafi, an gama cikin sa'a guda. Dabara ce ta marubuci, ba hukunci ba ne.

A nan Bakabe zai ga bambanci, domin a ƙasarsa ƙofar ba ta toshe ba. Matar da aka cuta ta kan yi yaji zuwa gidan iyayenta, miji ya aika biko, waliyyai su zauna, in abin ya faskara a je gaban alkali, har a kai ga hul'i. Amma kada a yi saurin yabon kai. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta zo da sashe na 55, wanda ya ɗauke laifi daga mijin da ya hori matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, in al'adarsu ta yarda da haka. Wasan kaboyi ya ce mai duka dodo ne, tsohuwar dokar nan ta ce mai gida ne yana gyaran gidansa.

Wasannin Hausa na bidiyo, waɗanda suka kankama a Kano daga Turmin Danya cikin 1990, su ne suka gaje zukatan masu kallo na Birnin Kebbi da Argungu, suka kuwa bi da hauka ta wata hanya dabam. A cikinsu hauka ba ta cika zama halin mugu ba, aike ce. Kishiya ta je wurin boka, aka yi sammu ko aka turo aljani, sai ga mutum cikin tsumma yana bin juji, yara na jifa. Magani kuwa malami ne da ruƙiyya, da an karya asiri ya warke nan take. Wani lokaci kuma haukar sakayya ce, ta koma kan wadda ta yi aiken. Wannan fassara tana da saiwa a ƙasar nan, inda bori da girka suka daɗe, musamman wajen Arawa daga yammacin Argungu har Dogon Dutsi. Tana da tausayi fiye da ta kaboyi, gama ba ta ɗora wa majinyaci laifi. Amma ita ma ta kau da ido daga abin da likitoci suka tabbatar, watau duka da tsoro da wulaƙanci na shekaru su kan jawo wa mace ciwon damuwa mai tsanani. Mijin da ya yi shekara goma yana duka sai ya fita fes, a kama kishiya.

Saboda haka wasannin biyu, na Dodge da na Kano, duk sun fitar da sanadi waje da gida: wancan ya kai shi daji, wannan ya kai shi ɗakin boka. Abin da ya faru a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi cikin Agusta 2020 bai bi ko ɗaya ba. An sami yaro ɗan kimanin shekara goma, maraya ta wajen uwa, ɗaure a turken dabbobi wajen shekara biyu, aka kai shi asibiti ba ya iya tsayuwa sosai. Waɗanda 'yan sanda suka kama mutanen gidan ne, ubansa da matan uban. Ba jarumin da ya zo a kan doki, maganar ce ta fita daga bayan katanga har ta kai ga hukuma.

Doka ta ɗan motsa tun daga nan. Cikin Janairu 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai taɓin hankali haƙƙin magani da kariya daga wulaƙanci. Asibitin tarayya na masu wannan ciwo yana Kware, gaba da Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Argungu. Turu da mari kuwa ba su bukatar kuɗin mota.