Idan kwamfutocin gida sun daina ganin juna, ta ina ake fara bincike?

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu tsaya a kan wata matsala da malamai da ɗalibai ke yawan kawo mana: gida mai kwamfuta biyu ko uku da na'urar buga takarda guda ɗaya, duk a kan akwatin Wi-Fi ɗaya, amma ranar da za a buga aikin ƙarshen karatu sai kwamfutar ɗalibi ta ce ba ta san na'urar ba. Nan take akan ɗora wa na'urar laifi, a ɗauke ta a kai wa mai gyara. A ganinmu sau da yawa lafiyarta lau. Hanyar da ke tsakaninta da kwamfutar ce ta yanke, ita kuwa hanyar hawa-hawa ce, daga ƙasa ake duba ta.

Matakin ƙasa shi ne adireshi. Kowace na'ura da ke kan rezo tana da lambarta ta IP, kuma akwatin Wi-Fi ne ke raba lambobin. Idan aka rubuta ipconfig a kan kowace kwamfuta za a ga tata. A yawancin gidaje lambobin na farawa da 192.168, kuma kashi uku na farko ya kamata su yi daidai, misali 192.168.1.10 da 192.168.1.14. Wadda ta nuna lamba mai farawa da 169.254 ba ta samu komai daga akwatin ba, ita ta laƙaba wa kanta, don haka a duba waya ko haɗin Wi-Fi kafin a taɓa wani abu. A kuma lura da rezon baƙi da wasu akwatuna ke buɗewa: da gangan aka gina shi ya hana na'urori ganin juna.

A nan za mu ɗan jima, domin abin ya shafe mu ƙwarai a ƙasar da wuta ke yawan ɗaukewa. Lambar da akwatin ke bayarwa aro ce, ba gado ba. Idan wuta ta dawo, na'urorin suka farka ba bisa jerin jiya ba, na'urar bugawa tana iya samun sabuwar lamba, alhali kwamfuta tana ta aika aiki zuwa tsohuwar. Takardu su taru a layi, mai gida ya yi zaton tawada ce ta ƙare. Maganin ba ya cin ko dala: a shiga shafin akwatin a keɓe wa na'urar lamba guda ta dindindin, sa'an nan a gyara ta a cikin kwamfuta. In layin ya riga ya cushe, a tsayar da « Spouleur d'impression », a share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, a sake tayar da shi.

Mataki na biyu shi ne yadda Windows ke kallon rezon. Iri biyu ya sani, « Public » da « Privé ». Windows 11 yana ɗaukar duk sabon rezo a matsayin na bainar jama'a, wato kamar na otal ko tashar mota, sai ya ɓoye kwamfutar, katangar tsaronsa kuma ta ƙi amsa ko da ping. Mayar da rezon gida zuwa « Privé », tare da kunna gano na'urori da raba fayil da na'urar bugawa, ya isa. Ba mu yarda da shawarar nan ta kashe katangar gaba ɗaya ba. Wanda kuma yake neman « Groupe résidentiel » ya huta, an cire shi daga Windows 10 tun 2018.

Yana yiwuwa bayan wannan sunan ɗaya kwamfutar ya ƙi fitowa a jeri. Kada a tsaya jiransa. A rubuta lambarta kai tsaye a layin adireshi na tagar fayiloli, kamar haka: \\192.168.1.14. In ta buɗe, hanya na nan, sanar da suna ne kawai ya yi nawa.

In kuwa aka ce ba a da izini, an kai mataki na uku ke nan. Dosiye da aka raba ƙofa biyu gare shi, ɗaya a shafin « Partage », ɗaya a shafin « Sécurité », kuma wadda ta fi tsanani ita ke yin hukunci. Mutane kan buɗe ta farko su manta da ta biyu. Suna da kalmar sirrin da ake tambaya na kwamfutar da ke riƙe da dosiyen ne, ba na wadda ake zaune a gabanta ba. Lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki a nan.

Saura batun tsofaffin kwamfutoci, waɗanda ba su ƙaranci a gidajenmu ba. Harshen da Windows ke raba fayil da shi sunansa SMB. Windows XP sigar farko kaɗai ya iya, wato SMB1. Ta biyu ta zo ne da Windows Vista. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wani rauni na SMB1 ta kulle fayiloli a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, kuma daga wannan shekara Microsoft ya fara cire SMB1 daga sababbin Windows. Shi ya sa tsohuwa da sabuwa ba sa jin juna. Ana iya mayar da SMB1 da hannu, kuma abin zai yi aiki, amma kamar cire ƙyauren gida ne don tsoho ya ji daɗin shiga. Gara a kwashe fayilolin da kile na USB.

Irin wannan jarabawa ta sake zuwa a 2021, lokacin da aka toshe raunin da aka kira PrintNightmare. Bayan sabuntawar watan Satumba na shekarar, na'urorin bugawa da yawa da ake rabawa ta wata kwamfuta suka fara nuna kuskure mai lamba 0x0000011b. Dabarar da ta bazu ita ce a kashe sabuwar kariyar a cikin rajistar Windows. Mu dai mun fi son a sabunta kwamfutocin duka biyu. In na'urar tana da Wi-Fi ko ramin wayar rezo, a haɗa ta kai tsaye da akwatin, kowace kwamfuta ta same ta da lambarta, ba sai an bar ta mai gida a kunne dare da rana ba.