Kafin Ka Ɗaga Mota Ka Sa Manyan Tayoyi: Abin Da Ke Faruwa Da Birki, Ƙafa Da Aksil

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon Hilux ko Land Cruiser da aka ɗaga, aka sa mata manya-manyan tayoyi, tana keta yashi da taɓo. Irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a wajenmu, su ne ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku, su ne kuma ke shiga ƙauyuka da damina. Sai dai bidiyon ba ya nuna lissafin da aka yi kafin a kai nan. Wanda ya tsallake lissafin kuwa, ranar da ya taka birki motar ta wuce inda ta saba tsayawa zai gane kurensa.

A aikina na rubuta manhaja, nakan canja layi ɗaya sai wurare uku su lalace, domin duk sun dogara da shi. Haka mota take: kamfani ya auna birki da giya da ƙafa ne bisa girman tayar da ya sa mata.

Daga taya ake farawa

Mu ɗauki taya mai lamba 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Idan ka sauya ta da 285/70R17, ya koma milimita 831, wato ƙarin kashi 7 cikin 100. Ribar da ka samu ita ce cikin motar ya ƙara nisa da ƙasa da rabin bambancin, kimanin milimita 27. Amma maleji ya fara yi maka ƙarya, domin juyin taya yake ƙirgawa: idan ya nuna kilomita 100 a awa, kana kan 107 ne.

Birki

Ka tuna yadda sifana mai dogon hannu ke kwance noti cikin sauƙi. Babbar taya dogon hannu ce da ka bai wa titi a kan birkinka. Matsin da takalmin birki ke yi wa faifai bai canja ba, amma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 7. Ga nauyin taya, ga bambar ƙarfe. Ga kuma gudun da maleji ya ɓoye: ƙarin kashi 7 a gudu na nufin ƙarin wajen kashi 14 a aikin da birki zai yi, wanda duk zafi yake zama.

Shi ya sa ake sa faifai mai faɗi, da takalmi mai jure zafi. Man birki ma a duba shi. Sabon DOT 3 yana jure aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salsiyos kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230. Idan ya tafasa, feda za ta nutse ba tare da ta kama ba. Kada a haɗa su da DOT 5, shi na silikon ne.

Akwai tarkon da ake yawan mantawa da shi. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul a baya mai auna kaya ta hanyar duba tazarar da ke tsakanin jikin mota da aksil. Da ka ɗaga motar, sai ya ɗauka babu kaya, ya rage ƙarfin birkin baya. Dole a sake saita shi. Haka tiyon man birki da wayar na'urar ABS: idan sun yi gajarta, taya na faɗawa rami za su iya tsinkewa.

Ƙafa

Abin da makanikai ke kira ƙafa shi ne sifirin da shokazoba da ƙarafan da ke riƙe da taya. A nan motocin biyu sun bambanta. Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, tana da aksil sanda guda a gaba da baya. Ɗaga sifirin ba ya ɗaga tulun giyar da ke tsakiyar aksil ɗin, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Amma ɗagawar tana karkata saitin sitiyari, sai mota ta riƙa yawo a titi har sai an gyara.

Ita kuwa Hilux ta zamani, kowace tayar gaba cin gashin kanta take yi, ƙarfin inji na isa gare ta ta wata gaɓa da ake kira CV. Yawan ɗagawa yana lanƙwasa gaɓar fiye da kima, robarta ta yage, yashi ya shiga. Shi ya sa yawancin kayan ɗaga ta suke tsayawa a wajen milimita 50. Kuma duk motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana, balle an lafta mata kaya a sama.

Aksil

Idan giyar aksil ɗinka 4.10 ce, ma'ana farfela na juyawa sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da sabuwar taya, motar za ta ji kamar 3.83, ta yi nauyin tashi, kuloci ya sha wahala a yashi. Don a dawo da ita, ninka 4.10 da 1.07, ka samu 4.39, sai a zaɓi mafi kusa cikin waɗanda ake ƙerawa, kamar 4.30 ko 4.56. A mota mai fowil wajibi ne gaba da baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba giyoyin za su yi ta kokawa har wani abu ya karye.

Wasu kan ƙara makullin aksil, irin Air Locker na kamfanin ARB na Ostareliya, mai tilasta wa tayoyi biyu juyawa tare. Yana fid da mota daga taɓo, amma idan taya ɗaya ce ta kama ƙasa, duk ƙarfin a kan sandarta zai sauka, nan ne ake karya aksil. A kan kwalta a kashe shi.

Inda wayarka ke da amfani

Sauke manhajar auna gudu ta GPS, ka ba wanda ke gefenka ya riƙe, ku kwatanta da maleji a miƙaƙƙiyar hanya. Idan motar na da kafar OBD-II, ƙaramar na'urar ELM327 da manhajar Torque za su nuna maka gudun da kwamfutar motar ke gani.

Shawarata ita ce ka fara yanke girman taya, ka yi lissafi a takarda, sannan ka ware kuɗin birki kafin na ado. Bayan an gama, a yi saitin tayoyi, a gwada birki a fili da gudu kaɗan, da kaya da kuma babu kaya. Idan kuɗin bai kai ga birki ba, bar motar da tayarta har ya kai.