WA ZA A BAI WA BABBAR BINDIGA?

Duk wanda ya saba bin mota daga Arewa zuwa Kurmi ya san yawan shingen da ke kan hanya. Da can ɗan sanda ne kaɗai ke tsai da direba, sai ko soja. Yanzu kuwa da wuya ka bar Lokoja ka isa Ikko ba ka gamu da masu kaki iri uku ko huɗu ba, kowa da tufafinsa, kowa da wanda ya aiko shi. To, gardamar da ake ta yi ita ce ko ya kamata a miƙa wa waɗannan dakarun na jihohi manyan bindigogi irin na soja.

Maganar ta yi ƙarfi ne tun ran 9 ga watan Janairu na 2020, sa'ad da gwamnonin jihohin Yarbawa shida suka ƙaddamar da rundunar Amotekun a Badun. Ba a yi mako guda ba Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce ta saɓa wa doka, domin sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya zo da cewa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a Nijeriya. Daga baya aka sasanta, majalisun jihohi suka yi mata doka, amma ba a yarda ta riƙe manyan makamai ba.

Sai ga abin da ya auku a Owo ran 5 ga watan Yuni na 2022, inda 'yan bindiga suka shiga coci suka kashe mutum wajen 40. Gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya fito fili ya ce ba zai ci gaba da tura yaransa gaban masu AK-47 da ƙananan bindigogi ba. Gwamna Samuel Ortom na Binuwai shi ma ya nemi lasisi don nasa dakarun. Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na wancan lokaci, ya amsa da cewa gwamna ba shi da ikon ba da izinin irin waɗannan makamai.

Gaskiya hujjar gwamnonin ba abin yarwa ba ce. Mu da muke da dangi a Zamfara da Katsina mun fi kowa sanin yadda ƙauye ke kwana in ɓarayin daji sun fi masu gadinsa makami. Ai shi ya sa Katsina ta kafa nata dakarun a 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a 2024. Saboda haka ba daidai ba ne mu ce abin da ya halatta a gida ya haramta a Akure.

Amma fa dattawanmu sun ga jiya. A zamanin En'e kowace masarauta tana da 'yan dokarta, Jihar Yamma kuma tana da 'yan sandan ƙananan hukumomi. Kulki kawai suke riƙewa, duk da haka a tambayi tsofaffin 'yan NEPU irin wuyar da suka sha a hannunsu lokacin zaɓe. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe su da 'yan sandan Tarayya. In mai kulki ya yi haka don faranta wa wanda ke biyansa albashi, ina ga mai bindigar da ke aman harsashi talatin?

Kada kuma a ɗauka 'yan sandan Tarayya tsarkaka ne. 'Yan kwantar da tarzoma, waɗanda ake horar da su kamar soja, su aka tura Bakolori a 1980, suka buɗe wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu wuta. SARS kuwa sai da matasa suka cika tituna kafin a rushe ta a watan Oktoba na 2020. Soja an koya masa ya ga abokin gaba ya kawar da shi. Ɗan sanda kuwa aikinsa ya kama mutum da ransa, ya kai shi gaban alƙali. In aka cuɗa ayyukan biyu, talaka ne ke ji a jikinsa, baƙo kuma ya fi ji, tun da ba shi da ɗan majalisa a garin, ba ya jin harshen mai tuhumarsa.

Uromi ta ishe mu misali. A watan Maris na 2025 'yan banga suka tsai da wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, suka ga mafarauta da bindigoginsu na gargajiya za su gida Kano yin Salla. Maimakon a kai su ofishin 'yan sanda a bincika, sai aka yi musu kururuwar masu satar mutane, taron jama'a ya hallaka mutum 16. Allah ya jiƙansu. Ba babbar bindiga ce ta kashe su ba. Abin da ya kashe su shi ne an bar mutane suna tare hanya ba horo, ba kuma wanda suke tsoron zai tuhume su. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je Kano ta'aziyya, ya kuma haramta ƙungiyoyin banga marasa rajista, amma bayan mai aukuwa ta riga ta auku.

Tun watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jiha. A ganina bai kamata sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da Sabo da Shasha, da shugabannin 'yan kasuwar shanu da na direbobi, su zuba ido ba. Duk ranar da majalisar jiha ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, su je da tambayoyinsu a rubuce. Wa zai horar da waɗannan dakaru, har tsawon wata nawa? Za a ɗauki ɗan Arewan da aka haifa a Mushin, ko sai ɗan ƙasa? Awa nawa za su riƙe mutum kafin su miƙa shi kotu? In kuma suka harbi mai sayar da albasa a Mile 12, ofishin wa iyalinsa za su kai ƙara?