Hikimar Haɗa Zuciyar Filaibak da Ƙasa

Duk mai gyaran talabijin a Wudil ya san cewa cikin tsohuwar talabijin mai ƙugu akwai taransifoma da ake kira filaibak, wadda ke ɗaga ƙarfin wuta zuwa kimanin bolt 25,000 domin haskaka gilashin hoto. Zuciyarta baƙin ferait ce, wadda idan aka bar ta ba a haɗa ta da ƙasa, wato ƙarfen jikin na'ura, ba, caji na iya taruwa a kanta har ta fara tartsatsi, musamman idan ƙurar hunturu ta lulluɓe ta ko danshin damina ya shige ta. Saboda haka wajibi ne, ya kai mai gyara, ka mayar da wannan haɗi yadda ka same shi, kuma ka sauke cajin gilashin kafin ka sa hannu.