Haki bayan maganin ciwon daji: mai jinya shi ne bakin marar lafiya

Jama'a, ciwon daji ba baƙo ba ne a garuruwanmu na Magarya da Dungas. Waɗansu suna kiransa sankara, likitoci kuma suna cewa kansa. A da, wanda ya kamu da shi yakan zauna gida har ta Allah ta kasance. Yanzu mutanenmu suna fita neman magani. Ana yi wa waɗansu aiki a babban asibitin ƙasa na Damagaram. Waɗansu suna tafiya har Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji take. A shekarar 2021 aka buɗe sashen gashi da na'ura a wannan cibiya, shi ne na farko a ƙasar Nijar. Akwai kuma masu ƙetare iyaka zuwa Kano ko Zariya.

Sai a gama magani, a sallami mutum ya dawo gida, dangi su zo barka. Bayan makonni kaɗan sai a ga ya fara haki. Jiya ya je masallaci da ƙafarsa, yau ko kewayawa zai yi sai ya huta a hanya. Likitan da ya san ciwonsa yana can nesa. Wanda yake kusa shi ne mai jinya, wato mai kwana da tashi da marar lafiya: miji ko mata, ɗiya ko ƙanwa. Da shi muke magana a yau.

"Da sauƙi"

Mu Hausawa, idan aka tambaye mu jiki, amsarmu ɗaya ce: "Da sauƙi." Ko mutum yana jin kamar an ɗora masa turmi a ƙirji, haka zai ce. Wannan ladabi ne mai kyau a wurin gaisuwa. Amma a gaban likita yana iya jawo hasarar rai. Majo yana da layin mutane a ƙofa. Idan ya ji "da sauƙi", sai ya rubuta maganin tari, ya kira na gaba.

Ban da haka, mai haki ba ya iya doguwar magana. Kalma uku, sai ya tsaya ya ja iska. Mace kuma tana jin nauyin faɗa wa namiji cewa an cire mata nono. Saboda haka dole wani ya yi magana a madadinsu. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma ba koya wa likita aikinsa ba ne. Likita ya san cuta, amma bai kwana ɗaki ɗaya da marar lafiya ba.

Me yake kawo hakin?

Da yawa daga cikinmu, da sun ga hakin sai su ce ciwon ne ya dawo, babu sauran dabara. Gaskiya ne wani lokaci ciwon yakan bazu zuwa huhu. Amma akwai waɗansu dalilai da dama, kuma yawancinsu suna da magani idan an je da wuri.

Ɗaya daga cikin waɗanda ake yawan gani shi ne ƙarancin jini. Maganin daji da ake sawa a ƙarin ruwa, wanda ma'aikatan asibiti suke kira shimiyo, yana rage ƙarfin ɓargo, kuma ɓargo ne yake yin jini. Jini shi ne yake ɗaukar iska daga huhu zuwa sauran jiki. Idan ya yi kaɗan, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya riƙa haki. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa ku duba, ku duba tafin hannu da harshe. Idan sun yi fari, jini ne ya ragu.

Shimiyo yana kuma kashe fararen ƙwayoyin jini, masu tsare jiki daga cuta. Sun fi raguwa tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan kowane ƙarin ruwa. A wannan lokaci ƙaramin mura yana iya zama ciwon huhu mai tsanani cikin dare ɗaya. Idan zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, kada a jira gari ya waye. Kada mu ce zazzaɓin sauro ne kawai mu sayo ƙwaya. Ko da gwaji ya nuna zazzaɓin sauro, sai an gaya wa likita ranar da aka yi shimiyo na ƙarshe.

Akwai ruwa da yake taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari. Ana yawan ganinsa ga matan da suka yi ciwon daji na nono. Ruwan yana danne huhu, ya hana shi buɗewa, kamar yadda ba a iya hura salka idan an zauna a kanta. Yana iya wuce lita ɗaya. Hoton ƙirji yana nuna shi. Likita yana zuƙe shi da allura ta tsakanin haƙarƙari, kuma sau da yawa mutum yakan ji sauƙi tun a ranar. Ruwan yana iya sake taruwa, a sake zuƙewa.

Sai gashin na'ura. Idan an gasa ƙirji ko nono, hasken yana iya taɓa gefen huhu ya sa shi kumburi. Ba kowa yake samun wannan ba, kaɗan ne. Abin lura shi ne ba ya fitowa nan take. Yakan ɗauki wata 1 zuwa wata 6 bayan an gama gashin. Alamarsa busasshen tari da haki, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da shi, yana da nasa maganin na rage kumburi wanda ake sha makonni, kuma ba a barinsa farat ɗaya. To, ina majo na Waca ko na Malawa zai san an gasa ƙirjin mutum a Yamai wata uku da suka wuce, idan ba a gaya masa ba?

Jinin mai ciwon daji yana saurin daskarewa. Gudan jini yana iya tasowa daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Kwanciya ta kwanaki da doguwar tafiya cikin mota suna ƙara wannan haɗari, kuma mun san tsawon hanyar Yamai. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, sannan haki ya zo kwatsam da sukar ƙirji, to gaggawa ce.

Wani maganin shimiyo mai launin ja, wanda ake yawan ba masu ciwon nono, yana iya raunana zuciya bayan watanni ko shekaru. Mai wannan matsala ƙafafunsa biyu suke kumbura, kuma ba ya iya kwanciya rigingine. Kada kuma mu manta da tarin fuka, domin yana son jikin da ya yi rauni. Gwajin majina ne yake nuna shi, ana shan maganinsa wata 6.

Dukan waɗannan, a idon mai kallo, haki ne iri ɗaya. Gwaji ne kaɗai yake rarrabe su.

Mu ƙirga, mu rubuta

"Yana haki" magana ce. "Yana numfashi sau 28 a minti ɗaya" shaida ce, kuma ita likita ya fi saurin ji. Ku bari marar lafiya ya zauna ya huta. Ku duba agogon waya, ku ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cif. Babban mutum mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Ku yi haka safe da yamma, ku rubuta a ɗan littafi tare da kwanan wata. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin kuna iya karanta abinku. Ku rubuta kuma abin da ya iya yi jiya wanda ya kasa yau, da yadda ya kwana.

Idan lissafin ya wuce 24 yana zaune, ko kuma kullum ƙaruwa yake yi, a kai shi gidan likita a ranar. Idan ya kai 30, ko ya kasa haɗa magana, ko harshensa ya sauya launi ya yi duhu, ko yana tarin jini, ko fuska da wuya sun kumbura, ko ya fara sambatu, to ko tsakar dare ne a nemi mota. A zaunar da shi a jingine a hanya, kada a kwantar da shi miƙe. Mai irin wannan hali ba a ɗora shi a kan kabu-kabu sai in babu wata hanya, kuma sai wani ya riƙe shi ta baya.

A gaban likita

Takardu su ne rabin magana. Duk takardar da aka ba ku a Damagaram, ko Yamai, ko Kano, ku haɗa su cikin leda ɗaya: takardar sallama, sakamakon gwaje-gwaje, hotunan ƙirji na baya, da kwalayen magani ko da sun ƙare. Mun sha ganin an bar su cikin akwati a gida don kada su ɓata. Ai don wannan rana aka ba da su.

Bayan gaisuwa, kada ku jira a tambaye ku. Ku fara da abin da ya fi muhimmanci. Misali, ɗiya ta kawo mahaifiyarta, sai ta ce: "Majo, wannan innata ce. Tana da ciwon daji na nono. An yi mata aiki, an yi mata gashi a Yamai, an gama wata biyu da suka wuce. Yau kwana biyar tana haki, kullum ƙaruwa yake. Da safe na ƙirga numfashinta 28. Daren jiya a zaune ta kwana. Ga takardunta."

Daga nan akwai abubuwan da ya halatta ku roƙa. Ku ce a auna iskar jininta da ɗan abin da ake maƙala wa yatsa. Mai lafiya yana nuna 95 zuwa 100. Idan ya sauka ƙasa da 90, tana bukatar a sa mata iskar oksijin. Ku tambaya ko za a auna yawan jininta, ko za a ɗauki hoton ƙirji. Idan babu kayan aikin a CSI, ku nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, ko zuwa Damagaram. Idan kuna da lambar wayar likitan da ya yi mata magani, ku kira shi ku miƙa wa majo wayar su yi magana. Shi ya sa muke cewa kada ku baro asibitin da aka yi maganin ba tare da kun karɓi lamba ba.

Ma'aikata suna rubutu da Faransanci. Ku ce a yi muku bayani da Hausa, sannan ku maimaita abin da kuka ji don a gyara muku. Kafin ku fita ku tambaya: "Idan abin ya ƙaru, me za mu yi, kuma ina za mu je?"

Wani lokaci za a ba ku magani a ce ku koma gida, kwana biyu su wuce babu sauƙi. Ku koma. Ku nuna littafinku. Idan wanda kuka tarar bai saurare ku ba, ku nemi ganin babban likita, cikin ladabi, ba da hayaniya ba. Ma'aikatanmu kaɗan ne, aikin ya yi musu yawa, faɗa ba ya ƙara musu hannu. Amma shiru ma ba ya warkar da kowa.

Mutum biyu sun fi ɗaya. Idan marar lafiya mace ce, mace ta zauna da ita, namiji ya yi zirga-zirgar takardu da magani. Ku tafi da ƴan'uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya, domin idan aka ce sai an yi ƙarin jini, dangi ake fara nema. Idan damina ce, dangi da maƙwabta su yi wa mai jinya gayya a gonarsa, don kada tunanin noma ya sa shi ɗauko marar lafiya kafin a sallame shi.

Game da kuɗi: a shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta yi doka cewa kula da mata masu ciwon daji na nono da na mahaifa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wani lokaci magani yakan yanke, iyali su saya da kuɗinsu. Duk da haka ku tambayi ofishin taimakon jama'a na asibiti abin da ya shiga cikin kyautar kafin ku sayar da akuya.

A gida

Hayaƙi da ƙura abokan gaba ne ga huhun da ya sha wuya. A nisanta marar lafiya daga murhu, da turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa. Lokacin sussuka da shiƙa a mai da shi inda iska ba ta kai masa ƙaiƙayi. Da hunturu, idan hazo ya sauko, ya zauna a ɗaki ko ya rufe hanci da ƙyalle mai tsabta.

Kada a kira wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga a ƙirji. Jinin da ya rage masa kaɗan ne, kuma miki yana saurin ruɓewa a jikin da ya sha shimiyo. Kada a saya masa Tramol ko maganin barci a wurin masu talla, suna iya danne numfashin da ake ƙoƙarin ceta. Idan yana shan wani jiƙo ko sassaƙe, a faɗa wa likita, kada a ɓoye.

Idan haki ya taso, a zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, hannuwansa a kan matashi. Ya shaƙi iska ta hanci, ya fitar a hankali ta baki kamar mai hura kunu. A riƙa yi masa fifita a fuska da mafici. Wannan ba al'ada ba ce kawai, likitoci sun gwada sun ga iska mai sanyi a fuska tana rage jin sarƙewar numfashi. A rage masu dubiya a ɗakin, mutum ɗaya ko biyu sun isa. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, domin cikakken ciki yana tokare huhu.

Akwai lokacin da likita zai ce ciwon ya bazu, ba zai warke ba. Ko a nan aikin mai jinya bai ƙare ba. Ana iya ci gaba da zuƙe ruwan ƙirji idan ya taru. Akwai kuma maganin da ake kira morfin, wanda likita yake bayarwa kaɗan-kaɗan bisa awo. Yana rage zafin ciwo, yana kuma rage jin shaƙewa, har mutum ya samu barci. Ba a kowane gidan likita ake samunsa ba, saboda haka ku tambaye shi da sunansa tun kuna babban asibiti, ku tambayi yadda ake ba da shi, da inda za ku ƙaro idan ya ƙare.