Fiffiken da Babur Zai Iya Ɗauka

Yaron Birnin Kudu ko Gwaram da ya fara da motar kara, idan hannunsa ya faɗa, wata rana jirgin sama zai ƙera. Yanzu da ake iya yin odar ƙaramin inji da batir da rimot ta intanet, jirgin ma yakan tashi da gaske. Sai dai da zarar ya girma, faɗin fikafikansa ya kai mita 2 ko fiye, wata sabuwar wahala ta kunno kai: yaya za a kai shi wurin tashi?

Cikin gari ba ya yiwuwa. Birnin Kudu gari ne na duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen mutanen da, jirgi kuwa shimfiɗaɗɗen fili yake so, kamar gonakin da aka girbe bayan kaka. Dole a hau babur. Wanda aka goya ya rungumi fiffike a gicciye, tirela ta wuce su a kan titin Kano zuwa Maiduguri, iskarta ta bugi abin da dama don kama iska aka yi shi. Ko fiffike ya karye, ko babur ya yi tangal-tangal da mutum biyu.

Manyan maƙera sun daɗe da cin karo da wannan. Tun 1913 kamfanin Short Brothers na Ingila ya fito da fikafikan da ake naɗewa domin jirgi ya samu wuri a cikin jirgin ruwa. Boeing 777X, da ya fara tashi a 2020, yakan lanƙwashe bakin fikafikansa idan ya sauka, faɗinsa ya ragu daga kusan mita 72 zuwa kusan 65. Amma abin koyi mafi kusa da mu yana Pambeguwa a Jihar Kaduna, inda kamfanin Zipline ya fara aika magunguna da jini da jirage marasa matuƙi a 2022. Faɗin kowanne ya haura mita 3, amma gangar jiki daban take, fiffike daban, batir daban. Sai an zo tashi ake harhaɗa su. Tun a kan takarda aka tsara su haka, kuma a ganina nan ne ya kamata matasanmu su sa ido.

Wanda ya riga ya ƙera nasa a dunƙule, zuciyarsa za ta raya masa ya sa zarto a tsakiya. To, tsakiyar nan ita ke ɗauke da kaya. Iska na ɗaga fiffike sama ta dama da hagu, nauyin jirgi na danna shi ƙasa a tsakiya, saboda haka duk ƙarfin lanƙwasa a gindin fiffike yake taruwa. Idan jirgi ya karkata da digiri 60 yana juyawa, nauyin da ke kan fiffike ya ninka biyu, idan kuma aka fizgo shi daga sulmiyowa yana iya fin haka. Duk wanda ya yanke ƙashin fiffike a nan, wajibi ne ya mayar da abin da zai maye gurbinsa.

Abin da aka saba shi ne bututun alminiyam ko na kabon da zai ratsa gangar jirgi ya shige kowane ɓangare. Kada a cusa shi kai tsaye cikin soson da aka yi fiffiken da shi, don zai ci ramin ya fara girgiɗi. A yi masa kube wanda ya kama shi cif-cif, a manne kuben da ƙashin fiffike sama da ƙasa, ya ratsa haƙarƙari uku ko huɗu na falange. Bututun roba na wayarin ba ya aikin nan, lanƙwashewa yake yi. Can baya, kusa da gefen fiffike, a kafa ɗan guntun ƙarfe da zai hana shi murɗawa, sannan a sa noti ɗaya da zai hana shi zamewa waje. Wayoyin injinan da ke motsa leɓen fiffike kuma a yi musu soket, a shafa wa na dama da na hagu fenti daban-daban, domin haɗa su a baibai kan kifar da jirgi tun bai yi nisa ba.

Ni dai na fi son a raba fiffike uku: a bar tsakiya a dunƙule, kimanin mita ɗaya, a zare gefe biyu. Mahaɗar ta koma inda lodi ya yi sauƙi, siririn bututu ma ya wadatar, kuma dukkan guntayen za su shiga kwali ɗaya a ɗaure shi a tsaye bayan babur.

Gyaran yana ƙara nauyi, don haka a sake auna daidaito: a ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin gaban fiffike da bayansa, a auno daga gaba, hancinsa ya ɗan rinjaya kaɗan. Daga nan mutum biyu su tallafe shi ta ƙarƙashin fikafikai, su ɗaga a hankali, batir na ciki. Idan mahaɗa ta buɗe baki ko aka ji ƙara, a kwance a sake aiki. Kuma kafin a fita fili, a nemi sanin ƙa'idar Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya, wadda tun 2016 ta hana tashin jirgi maras matuƙi ba tare da izini ba, a kuma nisanci filin jirgin sama na Dutse.