ZAREN DA YA ƊAURE GONA DA BIRNI

Duk wanda ya bi hanyar Ungogo zuwa Ɗambatta da damina zai ga gonaki jere, kowace ta jingina da 'yar'uwarta, ba saura, ba daji. Shekara da shekaru ana noma ƙasan nan ba hutu, amma har yanzu tana ba da gero da dawa. Mun sha tambayar ɗalibanmu masu koyon aikin malanta dalilin haka. Amsarsu kullum ita ce taki. Gaskiya ne, amma daga ina takin ya ke fitowa?

Akwai wani fannin ilmi da masana su ke kira ilmin saƙar hulɗa. Masu shi sun fi kula da zaren da ya haɗa abu da abu bisa ga abin kansa, watau wa ya ke kai wa wa, wa ya ke ji daga wa. Asalinsa lissafi ne da Euler ya yi a 1736 a kan gadoji bakwai na wani birni a Turai.

To, mu ma an auna tamu saƙar. A 1965 Mortimore da Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bincikensu a kan gundumar Ungogo. A zamanin nan, da rani jakuna su kan shiga birnin Kano da itace, su komo da toka da juji, a zube a gona. Daga baya, a shekarun 1990, Frances Harris ta bi sawun abincin ƙasa a ƙauyen Tumbau. Wake da gyaɗa su kan ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu ta shiga cikin tumaki da awakin da ke turke, kashinsu ya komo gona, ƙurar hunturu kuma ta ƙara nata. Manomin da talauci ya sa ya sayar da awakinsa, ashe har da amfanin baɗi ya sayar. Jujin birni kuwa yanzu cike ya ke da leda, sai an tsince kafin a watsa.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu, mu masu aikin koyarwa, shi ne yadda sabuwar dabara ta ke tafiya cikin wannan saƙa. Labari ya kan yi nisa ta bakin wanda ba ka saba da shi sosai ba, kamar ɗan koli a kasuwa, haka Granovetter ya nuna a 1973. Canja hanyar noma kuwa wani abu ne dabam, gama abincin shekara ne mutum zai sa a caca. A ƙauyuka 200 na ƙasar Malawi an jarraba koyar da shuka cikin rami, irin tassa ta mutanen Tawa. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna manomi da wuya ya ɗauka sai ya koya daga fiye da mutum ɗaya, kuma dabarar ta fi bazuwa inda aka zaɓi mutum biyu na fari bisa ga hulɗarsu da jama'a.

Mu kuwa mun daɗe muna kai gonar gwaji wurin dagaci ko mai hali, muna ganin an gama. Sau da yawa talaka ya kan leƙa ya ce ai wannan noman masu shanu ne, ya wuce. Malamin gona da zai raba sabon irin wake, kamata ya yi ya fara tambayar waɗanda a ke zuwa wurinsu aron iri da neman shawara, ya zaɓi biyu a unguwa guda.